Wa ya faɗa maka? Sarauniya Mangu da ekspozen da muke kwafowa

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wani aiki da kusan kowanenmu ya taɓa yi tun daga kolej har jami'a, kuma a ganina mafi yawanmu ba a taɓa faɗa mana amfaninsa ba. Ekspoze nake nufi. Mushe ya shigo aji, ya raba mu rukuni-rukuni, ya rubuta batutuwa a allo, ya ce nan da sati biyu kowane rukuni ya zo ya gabatar. Daga nan kowa ya san hanyar. A haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya sayi forfe ko ya tafi siber, ya buga sunan batun a Google, ya buɗe shafin farko, ya kwafe. A fitar a takarda, a yi mata bango mai launi da hoto da sunayen ƴan rukuni. Ranar gabatarwa wanda ya fi iya faransanci ya karanta, a tafa masa, a ba da 14 ko 15 bisa 20, a wuce.

Wannan al'adar nake son in soka, kuma ba na son in soke ta da maganar iska. Zan ɗauki batu guda wanda ake yawan ba mu, wanda kuma dukkanmu muke ji da shi, wato Sarauniya Mangu ta Lugu. Idan muka ga yadda muke yi wa tarihin da muke ƙauna, za mu gane abin da muke yi wa sauran.

Abin da takardunmu ke cewa

Na karanta ekspoze da dama a kan Sarauniya, wasu na ƙannena, wasu na abokai, wasu kuma waɗanda ake mantawa a wurin masu fotokopi. Kai ka ce mutum ɗaya ne ya rubuta su duka. Za ka iske an ce wata matashiyar mace ce kyakkyawa, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya raina, ya koya mata harbin baka da sanin itatuwan magani. Za ka iske an ce ta ci Turawan Faransa da yaƙi. A bango kuma ga hoton wata mace a cikin shirin yaƙi, a ƙarƙashi an rubuta sunan Sarauniya. Wani lokaci har da maganganun da wai ta yi wa mayaƙanta, an sa su tsakanin alamomin zance, kamar akwai wanda ya tsaya a gefe da bik da kaye yana rubutawa.

A ƙarshen takardar, inda ya kamata a faɗi inda aka samo bayani, kalma ɗaya ce: Google. Wasu su ƙara da Wikipedia. To Google ai ba marubuci ba ne. Tasha ce. Idan aka tambaye ka wa ya ba ka labari ka ce a tasha ka ji, ka san ba ka amsa tambayar ba.

Bari mu warware kayan nan ɗaya bayan ɗaya, mu ga daga ina kowanne ya fito.

A farkon 1899 wata rundunar Faransa a ƙarƙashin kaftin biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Ta ƙone garuruwa, ta kashe mutane ba adadi, kuma kisan da ta yi a Birnin Ƙonni a watan Mayu na wannan shekara har yau ba a manta da shi ba. Kafin Ƙonni, a ranar 16 ga Afrilu, ta gwabza da mutanen Lugu, a yankin Dogon Dutsi. Rahoton sojojin ya ƙirga nasu matattu huɗu da masu rauni shida. An ƙone garin, Sarauniya da jama'arta suka janye cikin daji, rundunar ta ci gaba da tafiya gabas. Wata uku bayan haka, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya tsayar da shi, a Dankori kusa da Tasawa. Cikin ƴan kwanaki sojojinsu da kansu suka kashe Voulet da Chanoine. Ragowar rundunar ta shiga Damagaram a ƙarshen watan.

Wannan shi ne ƙashin labarin. Naman da ke jikinsa kuwa daga wurare uku ya fito, kuma kowanne da irin bakinsa.

Na farko, takardun sojojin Faransa. Abin da suka rubuta a kan Sarauniya ɗan kaɗan ne ƙwarai, layuka ne da ba su cika shafi ba. Joalland, wanda yake laftanan a cikin rundunar, ya fitar da littafinsa Le drame de Dankori a 1930, shekara talatin da ɗoriya bayan abin ya faru, kuma ya siffanta ta a matsayin tsohuwa mai tsafi. Yana wurin, wannan gaskiya ne. Amma mutum ne da ya yi tafiya da masu kisa, yana da sunan da yake son ya wanke, kuma ba shi da dalilin girmama matar da ta tsaya musu a hanya.

Na biyu, bakin mutanen Lugu da Arewa. A wurinsu Sarauniya sarauta ce da ake gada, ta addinin gargajiya na Azna, kuma Mangu ɗaya ce daga cikin matan da suka riƙe ta. Sarautar ba ta mutu da ita ba. Wannan kaɗai ya isa ya ba mu kunya: mu da muke jin Hausa tun daga nono muna kwafo shafin da ke ɗaukar kalmar sarauniya kamar sunan yanka, har ya fassara mana ma'anarta, mu kuma mu karanta wa aji ba tare da mun yi ko murmushi ba.

Na uku, ƙagaggen labari da fim. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia a Faransa. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne, ya yi gudun hijira, ya sha ɗauri, kuma ya rubuta littafin da niyyar ba ƴan ƙasa jarumar da za su ɗaga kai da ita. A 1986 Med Hondo, ɗan asalin Muritaniya, ya mai da littafin fim. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Wadda ta fito a matsayin Sarauniya ita ce Aï Keïta, ƴar wasan Burkina. Hoton da muke yawan liƙawa a bangon ekspoze nata ne. Ƙuruciyar Sarauniya a hannun Dawa, da zafafan jawabanta, daga hanyar littafin da fim ɗin suka iso mana.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce Mamani ya yi ƙarya ba. Roman ya rubuta, bai ɓoye ba, kuma mai rubuta roman yana da ikon ya cike gurbin da tarihi ya bari. Ya yi aikinsa, ya yi shi da kyau, domin ba don shi ba da yawancinmu a Maraɗi da Damagaram da Tawa ba mu taɓa jin sunan Mangu ba. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdu Mumuni da Elara Bertho ta Faransa sun nuna yadda littafin da fim ɗin suka ɗauko wannan mata daga ƴan layukan takardun soja suka mai da ita jarumar ƙasa. Laifin namu ne, mu da muke zuba roman da fim da rahoton soja da labarin kaka a tukunya ɗaya, mu dama, mu kai wa malamin tarihi mu ce ga abin da ya faru.

Dubi maganar nasara kawai. Idan ka ce ta ci Turawa da yaƙi, wane yaƙi? A fagen daga an ci Lugu, an ƙone shi. Amma ba a kama ta ba, ba ta miƙa wuya ba, ta kuma tsaya a lokacin da sarakuna da yawa suka buɗe ƙofa. Akwai kuma masu cewa ƙarfin asirinta ne ya bi rundunar har ta watse a Dankori. Maganganu uku ke nan daban-daban: ɗaya abin da ya faru a ranar, ɗaya hukuncin da muke yankewa a kan jaruntarta, ɗaya kuma imanin mutane. Ekspoze mai kyau zai kawo su duka, ya ce wannan daga nan yake, wancan daga can. Namu kuwa jimla ɗaya ce mai daɗin ji, wadda idan wani ya tambaye mu hujjarta sai mu fara kallon juna.

Yadda magana ke zagayawa ta dawo

Wani zai ce ai na duba shafi biyar, duka abu ɗaya suka faɗa. To, ƴan uwa, wannan ne tarkon da ya fi kama mu. Shafi biyar da suka kwafi juna shafi ɗaya ne. Wani ya kalli fim ya rubuta abin da ya gani a shafinsa. Wani ya kwafe ya sa a Facebook. Wani ya fassara zuwa Ingilishi, wani ya dawo da shi Hausa. Wani ya yi bidiyo a TikTok yana karanta shi da murya mai kauri. Idan ka zo nema sai ka ga duniya duk ta yarda, alhali kuwa mutum ɗaya ne ya yi magana, sauran amsa amo ne. Mun san wannan a unguwa. Idan mata biyar suka gaya maka an sa ranar wance, ka bi sawu ka iske duk daga bakin mai kitso ɗaya suka ji, shaidarka ɗaya ce.

Google kuma ba ya jera shafuka bisa gaskiyarsu. Yana jera su bisa wasu ma'aunai nasa, irin su yawan shafukan da ke nuni zuwa gare su da yadda kalmominsu suka dace da abin da ka buga, wasu na saman ma talla ce da aka biya. Zama na farko a jeri ba shaidar inganci ba ne.

Laifin wa?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ɗalibai muna da namu: son sauƙi, da barin aiki sai daren ƙarshe, da ɗora wa mutum ɗaya aikin mutum shida. Akwai kuma masu siber da suka mai da abin kasuwa. Ka faɗi batu kawai, a buɗe maka ekspozen da wani rukuni ya yi bara, a canza sunaye da shekara, ka biya ka tafi.

Amma babban kason, ina faɗa da ladabi, yana wurin yadda ake koyar da mu. Ana ba mu batu, ba a ba mu hanya. A duk shekarun da na yi a lakwal ban ga an ware awa ɗaya cur an zauna da mu an ce ga yadda ake neman bayani, ga yadda ake gane mai kyau da marar kyau. Ana ɗauka tun da muna latsa waya dare da rana mun iya. Iya latsa waya daban, iya bincike daban. Sannan idan aka zo ba da maki, me ake dubawa? Kyan bango, yawan shafuka, da lafazin mai karatu. Ɗalibi ba wawa ba ne. Abin da ya ga ana biya shi zai kawo kasuwa. Ƙarshenta sai mu isa jami'a, a ce mu rubuta memwar, a fara yi mana faɗa a kan satar rubutu, bayan shekara bakwai ana tafa mana a kanta.

Na san amsar da malamanmu za su bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Aji ya cika ya batse, mutum ɗaya ba zai iya bin sawun kowace jimla ba. Ɗakin karatu, inda ma akwai shi, littattafansa sun girme mu. Forfe na da tsada, rezo na yankewa, wuta na ɗaukewa. Su kansu malaman da yawansu ba a koya musu wannan aikin ba. Duk na yarda. Sai dai ina ganin waɗannan dalilan ne ma suka sa koyon ya zama dole. Wanda yake da ɗakin karatu cike da littattafan da masana suka tace, an riga an yi masa rabin aikin. Mu da waya ce kaɗai ɗakin karatunmu, mu ne za mu yi tacewar da hannunmu. Wanda megansa kaɗan ne kuma, shi ya fi bukatar sanin inda zai kashe su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wannan basirar muna da ita, a ƙofar aji kawai muke ajiye ta. Wanene a cikinmu zai sayi waya ta hannu a kasuwa bai kunna ta ba, bai duba batir ba, bai tambayi inda mai ita ya same ta ba? Dattijo ba ya sayen rago sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora. Waɗanda suka yi islamiyya sun san hadisi ba ya tsayawa sai da isnadi, wane ya ji daga wane har a kai tushe, kuma malamai sun yi ƙarnoni suna auna masu ruwaya, wa ke da riƙo, wa ke da mantuwa, wa aka taɓa kamawa da ƙarya. Mutanen da suka gaji wannan bai kamata su rusuna wa shafin da ko sunan marubuci ba shi da shi ba.

Tambayoyin da ya kamata a koya mana

Ba abu ne mai wuya ba. Tambaya huɗu ce, kuma ana iya yin su da ƙaramar waya.

Wa ya faɗa? Nemi sunan marubucin. Idan babu, wannan ma amsa ce. Idan akwai, kada ka tsaya karanta yabon da shafin ke yi wa kansa. Fita, buɗe wani shafin, buga sunan mutumin ko na ƙungiyar ka ga abin da wasu ke cewa a kansu. Minti biyu ne. A nan za ka gane malamin tarihi ne, ɗan jarida ne, mai sayar da kaya ne, ko mai neman mabiya.

Daga ina ya ji? A nan ne Wikipedia ke da amfani ga wanda ya iya ta. Kowa na iya gyara ta, shi ya sa ba a kafa hujja da ita, amma ƙananan lambobin da ke ƙarshen jimloli suna kai ka ƙasan shafi, inda aka jera littattafai da maƙalun da aka ɗauko bayanin. Sauka can. Jimlar da ba ta da lamba, riƙe ta da hannu biyu. Idan lambar ta kai ka ga roman ko fim, ka san irin abin da ke hannunka. Akwai kuma wurin tarihin shafin, inda za ka ga ranar da aka yi kowane gyara. A tuna cewa shafuka da yawa na Wikipedia ta Hausa fassara ce daga ta Ingilishi, don haka ganin abu a duka biyun ba shaida biyu ba ne.

Yaushe ya faɗa? Bayani na tsufa kamar tuwo. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba Nijar mutum miliyan 17 da ƴan kai, kuma har yau akwai masu kwafo wannan adadi su rubuta shi kamar na bana, babu shekara a gefensa. An sauya taken ƙasa a 2023, amma tsofaffin shafuka na nan da tsohon. Adadi ba tare da shekara da sunan wanda ya ƙirga ba, ado ne kawai. Idan alƙaluman ƙasa kake nema, fara da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, kafin ka je wurin wanda ya ji daga wanda ya ji.

Me yake so? Kowa da abin da ya kawo shi. Joalland na son wanke kansa, Mamani na son tada zuciyar ƴan ƙasa, mai bidiyo na son a danna masa. Sanin manufar mutum ba ya nufin a jefar da maganarsa. Yana nuna maka gefen da za ka sa ido.

Bayan waɗannan akwai ƴan dabarun hannu. Sunayenmu Turawa sun rubuta su yadda kunnensu ya ji, saboda haka sai ka gwada rubutu iri-iri: Sarraounia, Saraouniya, Sarauniya, Lougou da Lugu, Zinder da Damagaram. Kowanne zai buɗe maka ƙofa daban. Idan ka sa kalmomi tsakanin alamomin zance, Google zai nemo su a jere yadda ka rubuta, kuma da wannan dabarar za ka iya ɗaukar jimla guda daga wani shafi ka ga shafuka nawa suka kwafe ta. Wanda ke nema da Ingilishi ya kula, kalmar Niger na iya kai shi jihar Neja ta Najeriya ko kogin Kwara. Hoto kuma ana bin sawunsa: sa shi a Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara fitowa. Da ƴan rukuni sun yi wannan, da sun ga sunan Aï Keïta kafin su biya kuɗin bango mai launi.

Akwai kuma wuraren da ba a cika faɗa mana ba, alhali kyauta ne. Persée da OpenEdition suna ɗauke da maƙalun masana da faransanci, da yawa a kan Nijar. Gallica, ta babban ɗakin karatun Faransa, tana da tsofaffin littattafai da jaridun zamanin mulkin mallaka. Google Scholar na nemo rubutun jami'o'i. Idan ka samu maƙala, sauke ta sau ɗaya lokacin da rezo ke da kyau, ka tura wa ƴan rukuni, kowa ya karanta ba tare da ya kashe mega ba. Waɗanda ke Yamai suna da IRSH da CELHTO, inda aka adana rubuce-rubuce da muryoyin dattawan da aka ɗauka tun shekaru da dama, da kuma gidan adana takardun ƙasa. Wanda kuma ya fito daga Arewa, wataƙila kakarsa ta san abin da babu shi a kowane shafi. Ya je ya tambaye ta, ya rubuta ranar da suka yi hirar, ya kuma yi mata tambayar da zai yi wa kowa cikin ladabi: kaka, ke wa ya ba ki wannan labarin?

Sabon baƙo

Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, abin ya ƙara sauƙi, ya kuma ƙara haɗari. Yanzu ba sai ka kwafa ba, ka faɗi batu kawai a rubuto maka ekspoze da gabatarwa da kammalawa, da faransancin da ya fi na mushe santsi. Ya kamata mu san yadda irin waɗannan na'urori ke aiki. An ciyar da su rubutu mai ɗimbin yawa, suna kuma harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna. Inda rubutu ya yi yawa kuma ya inganta, sukan dace. Inda ya yi ƙaranci, kamar tarihin garuruwanmu, sukan cike gurbi da abin da ya yi kama da gaskiya, da murya ɗaya, ba tare da sun nuna maka inda suka fara ƙirƙira ba. Suna iya ba ka sunan littafi da marubuci da shekara, ka je nema ka iske babu shi a duniya. Ga kuma hotunan da na'ura ke zanawa, har an fara ganin sarauniyoyi da kayan da ba a taɓa sawa a ƙasar Hausa ba.

Ban ce a guje su ba. Suna iya taimaka maka ka gane kalma mai wuya, ko ka tsara tunaninka. Amma duk suna, duk shekara, duk adadin da suka ba ka, sai ka same shi a wani wuri mai suna kafin ya shiga takardarka. Ka kuma tuna da me aka ciyar da su: da shafukan nan da suka kwafi juna. Idan muka ɗauki abin da suka ba mu muka sake zubawa a intanet, gobe shi za a sake ba ƙannenmu.

Abin da nake roƙo

Ga malamanmu, roƙona ba ya bukatar kwamfuta ko kuɗin gwamnati. Kafin a raba batutuwa, a ware awa ɗaya, a ɗauki shafi biyu a kan batu guda, mai kyau da marar kyau, a yi musu fotokopi, a sa aji ya yi musu tambayoyin nan huɗu. A rage tsawon ekspoze: shafi uku da ɗalibi ya fahimta sun fi goma sha biyar da bai karanta ba. A wajabta shafi ɗaya na ƙarshe inda rukuni zai faɗi, ga kowace babbar magana, wa ya faɗe ta, a ina, a wace shekara, da dalilin da ya sa suka yarda da shi. A ɗora kaso mai tsoka na maki a kan wannan shafin, a cire shi daga bango. Ranar gabatarwa kuma a zaɓi kowane ɗan rukuni a tambaye shi: wannan jimlar, daga ina? Sau biyu za a yi haka labari ya bazu a lise gaba ɗaya. Rukunin da ya zo ya ce mun samu magana biyu masu karo da juna, ga su, ga wadda muka fi karkata gare ta da dalilinmu, a ba shi maki fiye da wanda ya kawo labari sumul.

Ga mu ɗalibai kuma, ba sai mun jira ba. A ekspoze na gaba, mutum ɗaya a rukuni ya ɗauki aikin mai tambaya, duk abin da aka kawo ya ce wa ya faɗa. Za a ji haushinsa a satin farko. Mu da muke cikin wannan ƙungiya ta marubuta, nauyin ya fi hawa kanmu, domin abin da muka buga a ɗan littafin nan wani zai ɗauka ya kafa hujja da shi. Har wannan rubutun nawa, kada ku ɗauke shi haka nan. Na kawo sunaye da shekaru, ku bi su ku gani.

Muna yawan kukan cewa wasu ne suka rubuta mana tarihinmu, kuma kukan na da dalili. Amma wanda zai karɓi alƙalamin sai ya iya bambance rahoton soja da roman, ya iya bambance ƴar wasa da matar da ta tsaya a Lugu a 1899. Daga cikinmu ne za a samu malaman tarihi da ƴan jarida da alƙalai da likitocin gobe, kuma hannun da ya saba kwafo shafin farko a kan Sarauniya, shi ne zai kwafo shafin farko a kan maganin zazzaɓi ko a kan jita-jitar da za ta iya tada rikici a gari. Mangu ta cancanci a faɗi labarinta da hujja, kowane zance a ajiye shi a mazauninsa.

Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take, ya rubuto a fitowa ta gaba. Sharaɗi ɗaya ne: ya zo da inda ya samo. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.